Kunnuwan Mita

Da gari ya waye ranar Litinin, Mai Kifi ya tarar da tafkinsa ya yi fari fat da cikin matattun kifaye, ruwan kuma ya koma shuɗi da kumfa a gefe-gefe. Kafin ya gama salati, masu lambun da ke ban ruwa daga rafin sun fara kiran juna, don latas ɗin da aka shayar jiya da yamma ya kwanta kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a duk unguwarmu wuri ɗaya ne yake da shuɗi irin wannan, wato masana'antar rinin yadi da ke sama da mu, bayan doguwar katanga.

Masana'anta ta ce ba ita ba ce. Manajanta ya aiko da cewa duk gurɓataccen ruwansu ta bututu ɗaya yake bi zuwa matatar da ke tace shi, a kan bututun kuma akwai mita mai ƙirga ruwan da ya wuce, wadda hukumar muhalli ta amince da ita, kuma mitar ta nuna ko ɗigo bai kauce hanya ba. Ya ba da shawarar a tuhumi direbobin tanka masu juye ƙazanta a rafi.

Shi ya sa suka zo wurina. Sana'ata bin sawun bututu. In ruwa ya ɓace a ƙarƙashin ƙasa, ko wani ya ja layi ta bayan fage, ko tsohon bututu ya fashe inda kowa ya manta an binne shi, ni ake kira. Ina da na'urar saurare, ina da sandar ƙarfe mai kan katako da nake kafawa a ƙasa in ɗora kunne. Amma Kawu, ƙanin Inna, wanda ya fara ɗora ni a kan sana'ar, yakan ce hanci ne gaba, na'ura tana biye. Sawu ake kirana, kuma sunan bai taɓa ba ni haushi ba.

Mai Kifi shi ne bakin masu lambun. Ya tambaye ni, yana kallon gefe, ko aikin ba zai yi mini nauyi ba, tunda Yayana ne mai kula da mitocin masana'antar, Kawu kuma shi ne mai kula da matatarsu. Na ce masa ruwa zan bi, ba dangi ba. Har da ɗaga kai na faɗa.

* * *

Da maganar tanka na fara, don in kawar da ita daga hanya. Akwai sawun manyan tayoyi a gangaren da ake saukowa rafi, amma ciyawa ta riga ta miƙe a cikinsa, kuma da na wuce gangaren na yi sama, ruwan yana nan da shuɗinsa. Duk abin da ya ɓata rafin daga sama ya taho.

Na bi gaɓa ina duba saiwoyin itatuwa har na zo inda shuɗin ya yanke. A nan, cikin sarƙaƙiyar ƙaya, na sami bakin wani tsohon lambatu na siminti, laɓɓansa a rine. Daga nan aikin ya zama na sanda. Inda ƙasa ta yi amon rami, nan na bi. Ciyawar da ke kan layin ta yi rawaya saboda zafin da ya ratsa ta ƙarƙashinta, tururuwa kuma sun kwashe ƙwansu sun fito da shi sarari. Layin bai yi kwana ba sai da ya kai ni gindin katangar masana'anta.

Aka kira jami'ar hukumar muhalli, wata doguwar mata mai takalman roba da ƙarancin magana. Ta tsuguna ta ɗebi ruwa a kwalba, ta dube ni ta ce aiki ya yi kyau. Masu lambu suka yi ta sa mini albarka. Na koma gida ina jin kaina.

Manaja bai girgiza ba. A gaban Jami'a ya ce lambatun nan tun kafin zuwansa aka rufe shi. In har ruwa ya bi ta ciki alhali mita tana cewa matata ya tafi, to mitar ce ta yi ƙarya, kuma mutum ɗaya ne yake saita ta. Kafin la'asar an dakatar da Yaya, hukuma ta karɓe takardar shaidarsa ta aiki, an kuma ce maganar za ta je wurin 'yan sanda. Na bi sawu tun daga rafi, ashe ƙofar gidanmu ya nufa.

* * *

Unguwa ba ta jira shari'a ba. Wani ya juye mana kwandon ruɓaɓɓen kifi a bakin ƙofa. Mai shagon da Inna ta yi wa uwarsa jinya ya daina amsa gaisuwarta. Mutanen da jiya suke sa mini albarka, yau su ne suke cewa dama sun san shirun Yaya ba na Allah ba ne. Na wanke ƙofar da kaina, da rana tsaka, a gaban kowa, ina kallon duk mai wucewa cikin ido har sai ya sunkuyar da kai.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Yaya. Wannan mutum ne da yakan yi faɗa a kan noti ɗaya da aka ɗaure a karkace. Ya taɓa barin aiki mai tsoka don an ce ya kafa mita dab da kwanar bututu, ya ce ruwa a kwana a hargitse yake, mita ba za ta karanta gaskiya ba, shi kuwa ba zai sa hannunsa a ƙarya ba. Yau ga shi zaune a kan benci a tsakar gida, ana kiransa maci amana, ko uffan bai ce ba. Hannayensa suna cikin aljihu. Da ya ciro ɗaya zai karɓi ruwa, na ga yatsun sun kumbura sun yi ƙuraje. Ya ce sinadari ne ya taɓa shi a wurin aiki.

"Yaya, kai ka taɓa mitar nan?"

"Mitar tawa ce."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Shi ne abin da zan gaya musu. Ki cire hannunki, Sawu."

Da yamma Kawu ya zo. Tun rasuwar Baba shi ne ubanmu. Shi ya koya wa Yaya aikin mita, kafin ciwon baya ya hana shi hawa tsani ya koma kula da matata. Ya zauna a karkace, hannu ɗaya a ƙugu, ya ce zai roƙi Manaja a kashe maganar a cikin gida, a sallami Yaya ba tare da 'yan sanda ba, shi kuma zai nema masa wani wurin. Na tambaye shi sunan Yaya fa, da takardarsa. Ya ce suna yakan dawo in an yi haƙuri. Na ce ban taɓa ganin wanda ya dawo da kansa ba. Ya yi 'yar dariya ya ce taurin kan uwata na ɗauko.

Da zai tafi Inna ta karɓi gwangwaninsa ta cika masa da man bayan da take haɗa masa da kakin zuma da kanumfari da kafur. Yaya ya tashi ya fita waje kamar kullum, don shi da man nan ba sa ga maciji. Yana yaro aka taɓa shafa masa a ƙirji, fuskarsa ta kumbura, numfashi ya nemi gagararsa, Kawu ne ya goya shi a guje ba takalmi har asibiti. Labari ne da ake maimaitawa a gidanmu duk lokacin da aka buɗe gwangwani.

* * *

Washegari na tare Jami'a a ƙofar ofishinta. Ta ce ni ƙanwar wanda ake tuhuma ce, bai dace in shiga ba. Na ce lokacin da na kai ta gindin katanga ma ƙanwarsa ce ni, kuma ba ta ƙi binciken ba. Sai ta ce in biyo ta, amma in taɓa abu ɗaya ba da saninta ba, ta fitar da ni.

Ɗakin injuna dogo ne mai ƙarar da ba a jin magana sai an matso. Manyan bututu biyu ne kwance a jere a kan ƙafafun ƙarfe, kaurinsu ɗaya. Ja shi ne na gurɓataccen ruwa, da zafinsa yake fitowa daga tukwanen rini. Kore shi ne na ruwa mai tsabta, yana ta wajen bango, sanyi ƙalau.

Mitar ba a cikin bututu take ba. Wasu ƙarafa biyu ne kamar sabulu, ɗaure a bayan jan bututun da maɗaurin ƙarfe, da 'yar tazara tsakaninsu, wayoyinsu sun tafi wani akwati mai lambobi a jikin bango. Yaya kunnuwa yake kiransu. Ya sha yi mini bayani, ko na so ko ban so ba. Ɗaya yana tura sauti ta cikin ruwan, ɗaya yana kamawa, daga nan akwati yake gane gudun ruwa. Amma in iska ta shiga tsakanin kunne da bututu, ko da kaurin gashi ce, sautin ba ya wucewa. Dole a shafa wani farin mai mai yauƙi kafin a ɗaure, kuma duk sanda aka kwance sai an sake shafa sabo. Yaya yana kiransa yawun mita, a jakarsa yake kwana, ba ya ba kowa aro.

Kunnuwan suna nan a inda ya kamata, ɗaurin tsaf. Sai dai yawun da ya tsattsafo ta gefensu sabo ne ful, ko ƙura bai ɗauka ba, a ɗakin da komai yake da ƙura. A ƙasa, daidai saitinsu, akwai tabon maiƙo da aka goge da tsumma. Na zaga na matse tsakanin koren bututu da bango. A bayansa, inda ba mai gani sai ya sha wuya, na sami tabo biyu masu sheƙi, fentin wurin ya kurje, tazararsu daidai da ta kunnuwan.

Na kira Jami'a ta leƙa. Ba ta buƙaci dogon bayani ba. Wani ya kwance kunnuwan daga jan bututu ya ɗaura su a kan kore, ya buɗe tsohon lambatu, mita kuma ta yi ta ƙirga ruwa mai tsabta tana rubuta shi da sunan gurɓatacce. Ba ta yi ƙarya ba, abin da aka ba ta ta ji. Jami'a ta ce wannan bai wanke Yaya ba, don wa ya fi shi sanin yadda ake haka. Gaskiyarta ce, shi ya sa ta yi mini ciwo.

Na kai hanci wurin tabon. Warin sinadarin ɗakin ya danne komai, amma a ƙarƙashinsa akwai ɗan yaji-yaji irin na man zafi. A daidai lokacin maigadi ya wuce ta ƙofa yana ɗingishi, tarin makullai a ƙugunsa, yana barin warin man zafi a bayansa.

Na yi kansa kamar kura ta ga nama, Allah ya yafe mini. Na tambaye shi wa ya buɗe ɗakin a ƙarshen mako. Ya ce bai ga kowa ba. Na tambaye shi ina yake da bai gani ba. Ya fara kame-kame, gumi ya keto masa, ni kuwa na ce a raina mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Da Jami'a ta matsa masa, sai ya fashe da rantsuwa. Ashe awaki ne da shi. Ranakun hutu yakan shigo da su ta ƙofar baya su yi kiwo a filin masana'anta, yana can yana tsaronsu. Ya ciro kwalbar mansa ya nuna mana, na kanti ne, kore, mai warin na'a-na'a. Bai san ma mene ne kunnen mita ba.

Na koma bayan bututu da kunyata. Da izinin Jami'a na kankaro ɗan abin da ya maƙale a kurjin fenti da farcena, na ɗora yatsan a kan jan bututu mai zafi. Nan take ya narke, ƙamshin ya tashi. Kakin zuma, kanumfari, kafur. Na tsaya a tsakiyar ƙarar injuna ina jin ƙamshin ɗakin Inna.

Jami'a ta tambaye ni me na ji. Na ce ta tara mini mutane gobe a ɗakin nan, zan faɗa a gabansu.

* * *

Na sami Yaya a kan bencinsa. Na ce ya ciro hannunsa. Ya ƙi. Na ce wane sinadari ne yake fito masa da ƙurajen da man Inna kaɗai yake fito masa da su.

Bai yi musu ba. Ya ce da safiyar Litinin ya tarar lambobin akwati suna rawa, suna zuwa suna ɗaukewa. Ya kwance kunne ɗaya, sai atishawa. Man ya narke da zafin bututu ya tsiyaye ƙasa. Nan ya gane komai. Ya goge da tsumma, ya shafa yawu, ya ɗaure, bai san akwai saura a bayan koren ba. Ya ce babban injin matata ya daɗe yana ciwo, Kawu ya yi ta roƙon a sayo kayan gyara ana ce masa gobe, har ya tsaya cik ranar Juma'a. Ya ce shi yana da ƙarfin sake fara wata sana'a, Kawu kuwa da wannan bayan ba zai iya kwanan kurkuku ba.

Na ce masa mutumin kirki ne shi, kuma wawa. Na ce in ya ɗauki laifin, wanda ya hana kayan gyaran zai kwana lafiya, kuma duk mitar da Yaya ya taɓa kafawa a rayuwarsa za a ce ta ƙarya ce.

Ashe Inna tana bakin ƙofar ɗakinta. Ba ta ɗaga murya ba, ita ba ta taɓa ɗagawa. Ta tuna mini wanda ya biya mini makaranta, da wanda ya saya mini sandar farko. Ta ce ba ta ce in yi ƙarya ba, shiru kawai take roƙo.

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar," in ji ta.

"Yaya ma hannu ne, Inna. Shi kuma bai ruɓe ba."

Ta ce in na fita da maganar nan, kada in dawo in ce mata sannu. Na shiga ɗakinta a gaban idonta, na ɗauki babban gwangwanin man daga kan kanta, na sa a jaka. Na fita da shi.

* * *

Jami'a ta sa aka kashe injuna, ɗakin ya yi shirun da ban san yana da shi ba. Manaja ya zo da farar riga da agogo yana duba shi. Mai Kifi ya zo da masu lambu biyu. Maigadi ya raɓe a ƙofa. Kawu ya jingina da bango, hannu a ƙugu. Yaya ya tsaya can nesa da kowa, bai kalle ni ba.

Na nuna musu tabo biyun. Na yi bayanin yawu da iska, da yadda aka yi wa mita wasa da kunne. Manaja ya ce to, ai magana ta ƙare, na tabbatar da abin da ya faɗa tun farko, mai mita ne ya san wannan dabarar. Mai Kifi ya gyaɗa kai.

Na ce mai mita yana da yawun mita a jakarsa dare da rana. Wanda ya yi wannan ya san aikin sarai, har tazarar kunnuwa bai kuskure ba, amma ba shi da yawu, sai ya shafa abin da yake aljihunsa. Na kankaro sauran, na ɗora a kan jan bututu da bai gama hucewa ba, na ce kowa ya matso ya sansana. Sannan na ciro gwangwanin Inna na buɗe, na ajiye a kan koren bututun. Ƙamshi ɗaya ne, ko maigadi daga ƙofa ya ji.

Na ce ba a sayar da man nan a kasuwa, uwata ce take haɗa shi. Manaja ya yi murmushi ya ce ashe daga gidansu mai mitar ya fito, Allah ya yi mini albarka da gaskiyata.

Na ce Yaya ba ya iya taɓa man nan. Abin da ya goge da tsumma ranar Litinin kawai ya kumbura masa hannu, in kuwa ya ɗebe shi da yatsu ya shafa sau biyu, da a asibiti ya kwana, in ma ya kai. Manaja ya ce wannan maganar ƙanwa ce, wa zai tabbatar.

"Ga gwangwani," na ce. "Wanda ya ce Yaya ne, ya sa shi ya ɗiba mu gani."

Na faɗa ne don na tabbata ba mai yarda a yi. Na manta da wa nake magana. Yaya ya taho a hankali, ya ciro kumburarren hannunsa daga aljihu, ya naɗe hannun riga. Ya ce shi ya yi, kuma yanzu zai nuna musu yadda ya yi. Na kira sunansa, bai juyo ba. Yatsunsa sun kai bakin gwangwani lokacin da Kawu, wanda rabonsa da sauri tun kafin bayansa ya lalace, ya ratso tsakanin mutane ya cafke wuyan hannun.

"Ba na iya goyonka yanzu, ɗan nan," in ji shi. "Janye hannunka."

Bai saki hannun ba har ya gama magana. Ya dubi Jami'a ya ce shi ya kwance kunnuwan ranar Juma'a da yamma, shi ya buɗe bawul ɗin da ke toshe tsohon lambatu, shi ya mayar da kunnuwan ranar Lahadi bayan ya lallaɓa injin ya tashi. Ya ce ya zaci ruwan zai tsaya a tsohon ramin da ke bayan katanga, bai san lambatun ya kai rafi ba, amma rashin sani ba ya tayar da kifi. Ya juya ga Mai Kifi ya ce ya cuce shi, kuma ya fi cutar yaron da ya tashi a hannunsa, da ya bar shi ya kwana da laifin.

Manaja ya ce abin takaici ne, tsohon ma'aikaci kamar wannan. Kawu ya miƙe tsaye sosai, abin da na san ya yi masa zafi.

"Ranka ya daɗe, ba a gama ba. Na zo na ce maka injin ya mutu, a tsayar da rini. Ka ce tukwane ba za su tsaya ba, mita kuma kada ta nuna komai, in san yadda zan yi. Bawul ɗin nan da sarƙa da kwaɗo yake. Ka gaya wa baiwar Allahn nan a aljihun wa makullin yake kwana."

Jami'a ta dubi maigadi. Maigadi ya kwance tarin makullansa ya zube su a ƙasa, ya ce ta duba, duk na masana'antar suna nan ban da wannan, shi Manaja ne yake riƙe da shi tun da ya zo. Manaja ya ce zai kira lauya. Jami'a ta ce ya kira, akwai kujera a ofishinta da za ta ishe su su biyu.

* * *

An mayar wa Yaya takardarsa. Hukuma ta rufe tukwanen rini har sai an sa sabon inji, Yaya ne ma aka ce ya sake kafa mitar, a cikin kejin ƙarfe mai hatimi. Ya yi aikin, bai yi mini magana ba. Mai Kifi ya zo ba da haƙuri da mutanensa, na ce ba ni suka yi wa ba, ga ƙofar da suka zuba wa kifi nan, ga mai ƙofar a ciki. Suka shiga suna sunkuye.

Kawu yana tsare, yana jiran shari'a tare da Manaja mai farar riga. Inna ta cika alkawarinta, ina gaishe ta tana kallon bango. Ban janye ko kalma ɗaya ba, ban kuma fasa gaisuwar ba.

Ranar da aka ba da izinin ziyara, na fito zan tafi, na ga ƙaramin gwangwani a kan takalmina, cike, an ɗaure murfin da tsumma. Inna tana tsakar gida ta juya baya tana shara inda ba datti.

Kawu ya karɓa ta tsakanin ƙarafa. Ya rame, tsayuwar ma da ƙyar. Ya buɗe murfin ya sansana. Sannan ya tambaye ni da wace na'ura na gano shi, don ya goge bututun nan da kyau.

"Ba na'ura, Kawu. Hanci ne gaba."

Ya gyaɗa kai, ya rufe gwangwanin, ya ce in juya in tafi kafin ya yi abin kunya a gaban 'yarsa. Na ce ba inda za ni sai lokaci ya cika. Na jawo benci na zauna.